Sarakuna Uku da Na Ajiye a Maputo

Tafiyar nan ta ba ni wuya, kuma babu abin da zan ƙawata a cikinta. Shekara huɗu na yi a Mozambik, na dawo Dutse babu haƙora biyu, ga ciwon baya, ga wani shiru da matata Hadiza ke cewa ba da shi na tafi ba. 'Yan majalisarmu a Limawa sun ishe ni da tambaya, wai in ba su labarin ƙasar duwatsu masu tsada. To ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Bokona bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Sunana Haruna. Dillancin awaki nake yi a kasuwar Shuwarin kafin wani Sabo, mutumin wajen Taura, ya zuga ni. Ya ce a can jan dutse ake tonowa, wanda bai kai ƙwayar wake ba sai ya saya wa mutum gida. Na sayar da abin da na sayar, na bi shi.

A Adis Ababa muka sauka canjin jirgi, muka wuni a kan kujerun ƙarfe. A nan Sabo ya ce in ba shi jarina ya haɗa da nasa, wai ni ban san hanya ba, za a yanke mini aljihu. Na ba shi. Ya saya mini shayi a kofin takarda, ni kuma har da godiya.

Nampula, garin da muka fara sauka a Mozambik, ita ce ta fara karya mini zuciya, kuma ba wanda ya yi mini komai a garin. Duwatsun ne. Manya-manya, sun tsaya a bayan gidaje kamar namu na Dutse, har in na leƙa taga da safe sai in ga kamar in na sha kwanar can zan iske masu dabino a bakin titi. Sai wani ya wuce yana magana da Fotugis, in tuna inda nake.

Daga nan muka shiga daji, wani ƙauyen masu haƙa, bukkokin leda da ramuka ko'ina. Kwananmu uku Sabo ya damƙa mini kwalin ashana cike da jajayen duwatsu, ya ce in riƙe da kyau, zai je gari ya zo da mai saye. Kwana goma sha ɗaya ina yawo da kwalin nan a cikin wando. Da yunwa ta ci ƙarfina na kai wa wani ɗan Tailan da ke saye. Ya zuba a faranti, ya haska 'yar fitila, ya kira abokinsa suka yi dariya tare. Sannan ya fita da ni waje, ya nuna mini fitilar bayan motarsa, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ba sai an fassara mini ba. Fasasshen gilashi na yi wa gadi. Sabo kuwa har yau ban sake sa shi a ido ba.

Na yi wata biyu ina ɗibar ƙasa daga rami har na sami kuɗin mota zuwa kudu, don kowa da hannu yake nuna mini cewa aiki yana Maputo. Kwana uku muka yi a hanya. Wata mata da ke kusa da ni, mai kwandon kaji a ƙarƙashin ƙafa, ta lura duk inda aka tsaya cin abinci ni waje nake kallo. Ta ɓalle dafaffen rogonta biyu, ta ɗora rabi a kan cinyata, ta juya kanta wajen taga don kada in ji kunya. Haka ta yi ta yi har muka isa. Ban san sunanta ba, ban san addininta ba, amma ina sa ta a addu'a.

A Maputo na yi kwanaki a barandar wani masallaci, har wani daga cikin masu salla ya kai ni wajen wata mata mai gidan abinci, Dona Amiliya. Ta duba hannayena, ta nuna mini tukwane, ta nuna mini wani ɗan ɗaki a bayan kicin. Shi ke nan aiki ya samu. Mata ce mai faɗa, amma ba ta taɓa hana ni salla ba, kuma ranar da suka dafa alade sai ta ware mini kifi a kwano daban.

Shekara ɗaya da wata takwas na yi ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Waya kawai, ita ma sai Juma'a, kuma da Hadiza ta ce yaya aiki sai in ce lafiya lau, harkar dutse sai a hankali. A masallaci akwai mutane, za a yi sahu kafaɗa da kafaɗa, a yi sallama, kowa ya sa takalmi ya tafi da yarensa. Har na fara yi wa tukwane magana. In na ƙona hannu sai in zagi tukunyar da Hausa, in ji daɗin jin muryata.

A saman benen gidan abincin akwai wani ɗaki mai tebura huɗu. Asabar da Lahadi da rana 'yan kasuwa ke haɗuwa a can, Turawan Fotugal, Indiyawa, Larabawa, da 'yan ƙasa, suna wata karta da suke kira foka. Ranar Asabar ni ke kai musu shayi. Wata Asabar ina ajiye kofi a gaban wani tsoho baƙi siriri mai farar hula, sai na ji ya tura kartarsa yana cewa ƙasa-ƙasa, “Kai, wannan ko kare ba zai ci ba.”

Saura kaɗan tiren ya suɓuce mini. Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce, “Baba, barka da rana.”

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Tashi, ana kallonmu. Jira ni a ƙasa.”

Sunansa Ilu, tela ne, mutumin Damagaram. Ya fi shekara talatin a ƙasar. Matarsa 'yar can ce, ta rasu, 'ya'yansa biyu sun tafi Afirka ta Kudu, ba mai jin Hausa a cikinsu. Da na ce masa daga Dutse nake sai ya yi dariya har da tari.

“Ashe Bakano ne. Allah Sarki, shekara da shekaru ina roƙon Allah ya kawo mini mai jin magana, sai ya aiko mini da bawana.”

Na ce, “Baba, an daɗe da raba mu da Kano, mu Jigawa ne.”

Ya ce, “Ko ina aka kai ku, mu dai ne iyayen gidanku. Ka ci abinci?”

Daga ranar kowace safiya kafin in fara aiki sai na biya shagonsa. In fitar masa da benci, in share ƙofa, mu sha shayi da burodi. Hausarsa ta tsufa, mota sai ya ce mato, wani lokaci kalma ta ɓace masa ya yi ta murza goshi har in tuna masa. Ni kuma in ba shi labarin Kiyawa da Shuwarin da farashin awaki, yana saurare kamar mai jin rediyo. Duk faɗin ƙasar nan, shi kaɗai nake da shi.

Shi ya koya mini kartar. Na san caca ce, kada wani ya zo Limawa ya yi mini wa'azi, na riga na yi wa kaina. Ban fara don kuɗi ba. Na fara ne don in daɗe zaune kusa da mai jin maganata.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa a ba shi karta biyu a rufe, a jera biyar a tsakiyar tebur a buɗe, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Kowane zagaye ko ka zuba, ko ka bi wanda ya zuba, ko ka ajiye kartarka ka koma ɗan kallo. A shago da maɓallan riga muke yi. Kuma kullum sai ya cinye ni tas, don ni ba na ajiyewa.

Ku da muke karta tare a gindin darbejiya kun san dalili. A wajenmu in an raba, kowa da kartarsa ake yi har a tashi. Ana maka ta a tabarma, ana tsiya, ana ihu. Wanda ya zubar da kartarsa a tsakiyar wasa faɗa yake nema, sai an ba shi haƙuri. Ni da wannan na girma. In aka ba ni biyu da bakwai, tarkacen da ba sa cin komai, sai in ji kamar rashin mutunci ne in mayar.

Ran nan Baba Ilu ya tattara maɓallaina ya ce, “Haruna, ba ka ce dillalin awaki ne kai ba?”

“Shi ne, Baba.”

“In ka shiga kasuwa, duk akuyar da ka taɓa wa ƙugu saye kake?”

“A'a. Sai in taɓa ashirin ban ɗauki ɗaya ba.”

“Mai akuyar yana zaginka?”

“Ina ruwansa, wani zai zo.”

“To me ya sa duk kartar da aka miƙo maka sai ka aure ta?”

Lahadin da ta biyo baya ya sa ni wani horo da ban manta ba. Ya kai ni wajen wasu direbobi da ke ƙaramin wasa a bayan tasha, ya ce in zauna daga azahar zuwa la'asar, duk abin da aka ba ni in ajiye, ko mai kyau ne. Ido kawai. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Sau biyu aka ba ni karta mai kyau na tura ta kamar ina tura ɗana. Amma a wunin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Na ga wanda in ya samu sai ya daina tauna. Na ga wanda in ƙarya yake sai ya zuba da ƙarfi. Ashe duk lokacin da nake kallon kartata, mutane a buɗe suke a gabana.

Sauran ƙa'idojinsa ba su da yawa. Kada in zauna da yunwa. Kada in zauna ranar da na yi waya da gida, don ya ce ranar fuskata jarida ce. In aka cinye ni da sa'a, in tashi in wanke fuska, kada in nemi ramuwa. In lokacin tashi ya yi in tashi, ko ina ci ko ana cina. Na karya kowacce aƙalla sau ɗaya, kuma kowacce ta hukunta ni.

A hankali na iya. Sai in yi awa biyu ban shiga hannu uku ba. Direbobin suka sa mini suna da yarensu, wai gunki. Bayan shekara Dona Amiliya ta yarda in riƙa hawa sama ranar Lahadi, ranar hutuna, in zauna da manya. Ban yi arziki ba, amma na fara aika wa Hadiza abin cefane ba fashi. Abin da ban lura ba, shirun tebur ya bi ni har ɗaki. Na koyi zama da abu a ciki ba tare da ya fito a fuska ba, kuma ba a cire wannan kamar riga.

Kafin in hau benen nan karon farko, Baba Ilu ya tsayar da ni a gindin matakala.

“Ka ji da kyau. A sama ba a yin wani yare sai Fotugis in karta tana hannu. Kuma a teburin nan ba ni da ɗa, ba ka da uba. In ka ga wuyana ka yanka. Mutanen nan sun san tare muke shan shayi, ido yana kanmu.”

Na ce na ji. Shekara ashirin da biyu yana hawa benen, kujerarsa ce ta kusa da taga, kofinsa na kansa yana kan kanta. In gardama ta tashi shi ake tambaya, abin da ya faɗa ya zauna. Tun da matarsa ta rasu, ɗakin nan da shagon su ne duniyarsa.

Ƙarshen kowane wata ana gasa. Kowa ya sayi ƙwandalolin roba daidai da na kowa, wanda nasa suka ƙare ya fita, a yi ta yi har a rage mutum huɗu, su ke raba abin da aka tara. A wadda nake ba ku labari mun fara mu kusan talatin, kafin la'asar sakaliya mun rage biyar a tebur ɗaya. Ni, da Baba Ilu, da wasu Indiyawa biyu, da wani Bature mai sayar da tayoyi, Rui, wanda ƙwandalolinsa sun kusa ƙarewa. Mutum ɗaya ya rage ya fita hannu wofi, kuma Rui ya san in ba wani ya riga shi faɗuwa ba, shi ne.

Aka raba. Na ɗaga gefen kartata, sarki biyu. Aka buɗe uku a tsakiya, ga wani sarkin, da bakwai, da biyu. Sauran suka ajiye, ya rage ni da Baba Ilu. Aka buɗe ta huɗu, tara ce. Sai ya tura duk abin da ke gabansa tsakiya.

Na san ba shi da komai. In ƙarya yake yi, yakan murza babban yatsa da manuni kamar mai zura zare a allura. Na daɗe da ganin haka, ban taɓa faɗa masa ba. Ga shi yana murzawa. Ƙwandalolina sun fi nasa yawa. In na bi shi, ya fita.

Na yi ta kallon hannun nan nasa. Hannun da ke yanka mini burodi kowace safiya. Na hango shi yana miƙewa a gaban mutanen nan, yana gyara hula, yana sauka shi kaɗai, kuma ni na kore shi. A gidanmu ko nama ne a kwano, ba ka kai hannu sai babba ya ɗauka. Duk horon shekara biyu ya tafi. Ban ma jefa kartar yadda ake jefawa ba. Da hannu biyu na tura ta, na sunkuyar da kai, na ce da Hausa, “Na bar maka, Baba.”

Rui ya ɗora tafinsa a kan kartata kafin mai rabo ya kwashe. Lokacin ina jin Fotugis daidai gwargwado.

“Me ya ce masa?”

Rui ya bi mutanen teburin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

“Na ce me ya ce masa? A kira Dona Amiliya.”

Ta hau tana goge hannu. Aka faɗa mata. Ta juya kartata, sarki biyu, ga na uku a tsakiya. Ta juya ta Baba Ilu, goma da uku, ba abin da suka haɗa. Ɗaya daga cikin Indiyawan ya cire tabarau ya shiga gogewa.

Rui bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Tun yaushe kuke yi? Wata nawa muna ciyar da ku?”

Na fara bayani, Fotugis ɗin ya watse mini. Ta yaya zan ce musu kunya ce? Na ce babba ne, na ce kamar ubana ne. Sai na ga maganar ƙara tabbatar musu take yi. Wanda ya ajiye sarki uku don wani ya tsira, kuma ya yi magana da yaren da su biyu kaɗai ke ji, a wajensu sunansa ɗaya ne.

Dona Amiliya ta ce mu biyun mun fita daga gasar, kuma kada mu sake hawowa. Ba ta kalli Baba Ilu ba da take faɗa. Shi kuma bai yi musu ba. Ya miƙe, ya je kanta ya ɗauki kofinsa, ya zubar da sauran shayin a bokiti, ya sa kofin a aljihun riga. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna tambayarsa hukunci, ba wanda ya ɗago kai.

Na cim masa a matakala.

“Baba, wallahi girmama ka na yi.”

“Na sani,” ya ce. “Su ne ba su sani ba.”

“Bari in koma in rantse musu.”

“Da me za ka rantse musu? Sun ga karta.” Ya tsaya yana riƙe da ƙarfen matakala, yana numfashi. “Ba a taɓa juya mini karta a ɗakin nan ba sai yau. Da ka cinye ni, Haruna, da yau na fi kowa murna. Da na zagaya tebur ina ce musu ni na koya masa.”

“Ka yafe mini, Baba.”

“Kada ka biyo ni.”

Na tsaya a ƙofar gidan abincin ina kallonsa har ya sha kwana, kofin yana lilo a aljihunsa. Dona Amiliya ta sauko ta same ni a nan. Na ɗauka korata za ta yi. Ta ce gobe in zo aiki kamar kullum, tukwane ba su yi wa kowa laifi ba.

Washegari bayan asuba na tafi shagon da ƙafa. Na sayi burodi a inda muka saba saye, na jira a bakin ƙofa. Ƙarfe bakwai ya iso da makullai a hannu. Na durƙusa har ƙasa.

“Baba, ina kwana.”

Ya dubi saman kaina, ya ce, “Bon diya,” gaisuwar Fotugis, yadda yake gaida wanda ya kawo ɗinki. Ya buɗe shago, ya shiga, ya zauna a kan keken ɗinki.

Na daɗe a durƙushe har gwiwoyina suka yi tsami. Sannan na tashi na fitar da bencin, na share ƙofar tun daga bango har bakin kwata, na ajiye burodin a kan teburin yanka. Keken yana ta tafiya. Da takwas ta yi na leƙa na ce, “Baba, na tafi aiki.” Bai ɗaga ƙafa daga keken ba. Na jingine tsintsiyar a bayan ƙofa, na kama hanyar gidan abinci.